Wasiƙa ga masu neman gurbin digirin digirgir a fannin kuɗi

Zuwa ga 'yan'uwa da ƙannena ɗalibai na gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto muku wannan wasiƙa daga Amurka saboda tambayar da ke yawan zuwa mini daga matasanmu da suka karanta akanta ko banki ko tattalin arziki, wato me mutum zai yi takardunsa su yi nauyi idan yana neman gurbin digirin digirgir a fannin kuɗi a jami'o'in nan. Galibin masu tambayar sukan fara da lissafo shekarun da suka yi a aikin banki da takardun ƙwarewa na ICAN ko ACCA ko CFA. Na san irin gumin da aka sha kafin a same su, amma gara ku ji tun da wuri cewa nauyinsu a gaban kwamitin tantancewa kaɗan ne.

Dalili shi ne, wannan digiri horo ne na zama mai bincike kuma malamin jami'a. Makarantar kasuwanci takan ɗauki ɗalibai ƙalilan a fannin kuɗi kowace shekara, sau da yawa ba su kai goma ba, ta yafe musu kuɗin karatu, ta riƙa biyan su alawus har shekara biyar ko shida. Wanda zai kashe muku wannan dukiya abu biyu yake so ya tabbatar: cewa za ku iya cin jarrabawar darussan shekara biyun farko, waɗanda kusan dukkansu lissafi ne da ƙididdigar tattalin arziki, kuma cewa wata rana za ku rubuta binciken da zai shiga mujallu irin su Journal of Finance da Journal of Financial Economics da Review of Financial Studies.

Saboda haka abin da ido ke fara sauka a kai cikin takardar sakamakonku shi ne darussan lissafi: kalkulas, aljabara, ilimin yiwuwar aukuwa, da darasin kafa hujja da ake kira Real Analysis. A nan ne ɗalibanmu da yawa ke samun giɓi, domin tsarin karatun akanta da banki a jami'o'inmu bai cika kai mutum can ba. Wanda ya ga wannan giɓi a takardarsa, ya cike shi da darasin da ake ba da maki a kansa, ko da ta hanyar digiri na biyu a lissafi ko ƙididdiga ne. Cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, wato AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003 kuma take da rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, tana ba da digiri na biyu a lissafi tare da ɗaukar nauyin ɗalibi. Sashen lissafi na GRE kuwa, wato jarrabawar da jami'o'i da yawa ke nema don shiga karatun gaba da digirin farko, wanda ƙololuwarsa maki 170 ne, ku nemi abin da ya kusanci ƙololuwar, domin yawancin abokan takararku can suke.

Sai bincike, wanda a ganina shi ne ya fi bambanta mai nema da mai nema. Ba sai kun wallafa komai ba, kuma ina roƙonku ku guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga takarda cikin mako biyu, domin ganin su a takardunku yana rage muku daraja. Abin da ake so shi ne shaidar cewa hannunku ya taɓa alƙaluma na gaske. Ku ɗauki binciken da Eugene Fama da Kenneth French suka wallafa a 1993 kan abubuwa uku da ke bayyana ribar hannun jari, ku sauke alƙaluman da French ya ajiye kyauta a shafinsa na jami'ar Dartmouth, ku sake lissafin da kanku a manhajar Python ko R, har sai jadawalinku ya yi daidai da nasu ko kun gano abin da ya sa bai yi ba. Bayan haka ku waiwayi gida, inda tambayoyi suke jibge ba a gama amsa su ba. Lokacin da Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Shin ƙaramin ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya fi samun rance bayan wannan haɗewa, ko kuwa ƙofa ta ƙara rufe masa? Su wa suka sayi sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fara sayarwa a 2017? Ɗalibin da ya rubuta shafi goma sha biyar masu tsabta kan irin wannan tambaya ya riƙe abin da ɗan Boston ko Beijin ba shi da shi.

Wannan aiki shi ne kuma zai samar muku wasiƙun shaida, waɗanda yawanci uku ake nema. Mun saba neman sa hannun wanda ya fi kowa girman muƙami, sai ya rubuta layi biyar yana cewa ɗalibin yana da ladabi da ƙwazo. Irin wannan wasiƙa ba ta gaya wa kwamiti komai. Wadda ke aiki ita ce ta malamin da zai ce: wannan ɗaliba ta yi wata takwas tana tsabtace mini alƙaluman bankuna, ita ce ta gano cewa an maimaita rahoton shekara guda sau biyu, kuma a cikin ɗaliban da na koyar shekara goma tana cikin uku na sama. Don haka ku je wurin malamin da ke bincike da gaske, ku nemi ya ba ku aiki ko da ba biya, ku kuma nemi guraben mataimakin mai bincike na shekara ɗaya ko biyu da jami'o'i irin su Chicago ke tallatawa, waɗanda da yawansu ake sanarwa a shafin PREDOC.

A takardar bayanin manufa, ku taƙaita tarihin ƙuruciya, ku faɗi tambayar da ke damun ku, da abin da kuka riga kuka gwada a kanta, da malaman wannan jami'a da kuka karanta aikinsu.

Yawancin jami'o'i suna rufe karɓar takardu a watan Disamba zuwa farkon Janairu, amsa ta zo tsakanin Fabrairu da Maris, wanda aka ba gurbi da tallafi kuma yana da har 15 ga Afrilu ya yanke shawara. Ba a fafe gora ranar tafiya, musamman ga wanda fitar da takardar sakamako daga jami'arsa kan ɗauki watanni, don haka ku fara nemanta tun farkon shekara. Kuɗin jarrabawa da na cike takardu da dala ake biya, kuma suna da nauyi ga mai samun naira. Ku rubuta wa kowace jami'a ku nemi a yafe muku kuɗin nema, ku kuma tuntuɓi ofishin EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, da ke Abuja ko Legas kan tallafin da yake ba ɗalibai masu hazaƙa da ƙaramin ƙarfi. Ku raba takardunku tsakanin manyan jami'o'i da matsakaita, domin guraben kaɗan ne a ko'ina.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Amurka