Ba kwaɗayi ba ne kawai, ƙwaƙwalwa ce ke gadin kitsen

Mu dai da an ga mai ƙiba sai ka ji ana cewa ai ci ne ya yi masa yawa, ya rage tuwo mana, kamar abin a hannunsa yake gaba ɗaya. Ni kam wannan maganar ba ta shiga ta, don kitsen nan ba a zube yake kawai ba, hira yake da ƙwaƙwalwa.

Akwai sinadarin da kitse ke sakewa cikin jini, sunansa leptin, Jeffrey Friedman da tawagarsa ne suka gano shi a jami'ar Rockefeller ta New York a 1994, ta hanyar wasu ɓeraye masu uban ƙiba da ba su san ƙoshi ba. Leptin ɗin ne yake kai rahoto wani ɗan lungu can ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamas, kan yawan ajiyar da ke jiki. To in ka rame leptin ya ragu, ƙwaƙwalwa ba ruwanta da cewa kai ka ga dama, ɗauka take an shiga fari, sai ta buɗo maka yunwa ta kuma rage yadda jiki ke ƙona abinci, ga ghrelin, sinadarin yunwa da ciki ke fitarwa, shi ma yana ta zuga ka, balle in ba ka samun barci. Wani bincike na Melbourne da ya fito a 2011 ya nuna shekara guda bayan mutane sun rage nauyi ghrelin ɗinsu bai sauka ba, yunwar na nan daram.

A 1997 likitocin Cambridge suka ci karo da yara biyu 'yan uwa, asalinsu Pakistan, da aka haifa jikinsu ba ya yin leptin, ci ba ƙaƙƙautawa. Masu irin wannan in an yi musu allurarsa cin ya kan lafa. Amma yawancin masu ƙiba leptin ɗin ya ma yi musu yawa, ƙwaƙwalwar ce ta toshe kunne, shi ya sa bai zama maganin kowa da kowa ba.

Su Ozempic, alluran da ake ta yayi yanzu don rage ƙiba, wani sinadarin hanji suke kwaikwayo, GLP-1, mai cewa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, kuma da an daina allurar nauyin ya kan dawo. Shayin rage tumbi na Instagram kuwa da yawansu gudawa suke saka mutum, ruwa ne ke fita, kitsen ko gezau.