Yadda Muka Sa Kotso a Takarda

Ranar da Malam ya raba mana aikin zango na biyu, ya ce kowane rukuni ya fitar da mujallar kiɗa da waƙa mai shafi 16, da bango da ƙumshiya da babbar hira guda, mu dariya muka yi ta yi a bayan aji. Mu biyar ne a rukuninmu, maza uku mata biyu, kuma duk mun ɗauka aikin kwana uku ne: a sauko da hotunan mawaƙan Kano daga intanet, a jera su a manhajar CorelDraw, a kai wa mai buga katin biki ya gurza. Da muka kai wa Malam tsarin farko ko shafi na biyu bai buɗe ba. Ya dubi bangon, ya dube ni, ya ce, "Wa zai zaro kuɗinsa ya sayi wannan a Gusau, alhali yana da shi kyauta cikin wayarsa?"

Muka yi tsuru-tsuru. Ya ce mu je mu nemo mai karatunmu tukuna, sannan mu dawo a yi maganar bango.

Mun yi kwana biyu muna yawo tsakanin tashar mota da Tsohuwar Kasuwa, muna zama a rumfunan masu tura waƙoƙi a waya. A nan muka ga abin da ba mu zata ba. Samari suna zuwa neman sababbin waƙoƙi, wannan ba labari ba ne. Amma direbobi da dattawa, har da wasu sa'o'inmu, Ɗanƙwairo suke tambaya, da Sa'idu Faru, da Narambaɗa. Kuma sau da yawa sunan da ke kan waƙar ba na mai ita ba ne, duk wanda aka ji da kotso, gangar nan ta makaɗan fada, sai a lafta masa Ɗanƙwairo. Mutum ya haddace waƙa tun daga farko har ƙarshe, amma ka tambaye shi wane sarki aka yi wa ita, ko ina garin da aka ambata yake, sai ya yi shiru. Abin da waya ba ta bayarwa ke nan, kuma nan muka kafa mujallarmu.

Ni kaina na ji kunya da na fara bincike. Haifaffen Zamfara ne ni, amma sai a lokacin na san Alhaji Musa Ɗanƙwairo gadon kiɗa ya yi daga mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi wa yayansa Abdu Kurna amshi kafin ya ja nasa ayarin, ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello, ya rasu a 1991. Sai a lokacin na san Faru da ake kiran Sa'idu da ita tana nan cikin ƙasar Maradun, kuma Salihu Jankiɗi da ya zama makaɗin fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku mutumin Rawayya ne, nan kusa da mu. Duk waɗannan na taso ina jin muryoyinsu a rediyon mahaifina, ban taɓa tambayar komai ba.

Babbar hira ni aka ɗora wa. Mun so zuwa Maradun, iyayenmu suka ce ba da yawunsu ba, kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Allah ya taimake mu, wani kawun ɗaya daga cikinmu ya haɗa mu da wani dattijo da ya shekara da shekaru yana amshi a bayan wani makaɗin fada, rashin zaman lafiya ya taso shi daga ƙauyensu ya dawo Gusau wurin ɗansa.

Tun kafin mu tafi muka yi gardama. A aji an koya mana ɗan jarida ba ya biyan kuɗi don a ba shi labari. Innata kuwa da ta ji inda za ni, cewa ta yi, "Gidan dattijo za ka hannu rabbana? Ba da tarbiyyata ba." Muka sayi goro da turare muka miƙa tun a gaisuwa, kafin a ambaci hira. Da na gaya wa Malam daga baya, ya ce gaisuwa daban, sayen baki daban, in dai ba a yi ciniki a kan abin da za a faɗa ba.

Na je da tambayoyi 20 a takarda, na yi ta karanto su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran suna a aji. Amsar kowace ba ta wuce kalma uku. Can sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗiyana, aje takardag ga. Ku 'yan boko gaugawa ad da ku. Mi kaka son sani?" Na ce, "Baba, yadda ake haɗa waƙa nake son ji." Ya sa jikansa ya ɗauko wani tsohon kotso daga ɗaki, ya ɗumama fatar, ya gyara naken, wato ɗan danƙon da ke tsakiyarta, da ɗan yatsa, ya fara taɓawa a hankali. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba mu labarin yadda maigida ke zuwa da gindin waƙa, wato amshin da ake ta maimaitawa, su 'yan amshi su yi ta juya shi dare bayan dare har ya zauna; yadda wani lokaci ɗan amshi ne ke ƙarasa ɗan waƙar da maigida ya faro, amma sunan maigida duniya za ta sani; yadda ake sa zambo ga abokin hamayyar sarki ba a kama suna ba, amma duk fada ta san wanda ake nufi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin tambayoyina 20. Abin da na koya a zauren nan shi ne yin shiru. In mutum ya dakata, ba lallai ya gama ba; sau da yawa abin da zai biyo bayan shirun shi ne hirar.

Mun fito da minti 90 a rikodar waya. Rubuta su ya ci mini dare huɗu, kuma a nan aka yi rigimar da ta fi kowace. Wadda muka naɗa edita, wadda a Kaduna ta girma, ta bi maganar Baba ta goge ta tas. Inda ya ce "munka tai" ta mayar "muka je", "yah hwaɗi" ya koma "ya faɗa", "wanga" ya koma "wannan". Da na karanta sai na ji kamar wani ma'aikacin gidan rediyo ke magana, dattijon ya ɓace. Hujjarta ita ce mujalla da daidaitacciyar Hausa ake yin ta, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ni kuma na ce takarda ba ta da sauti. Mun riga mun rasa kotson, mun rasa muryar, in muka cire Zamfarcin me ya rage? Har muka yi kwana biyu ba ma gaisawa sosai. Malam ne ya raba mu: maganarmu ta bi ƙa'ida, maganar mai magana a bar masa abarsa, kalmar da za ta gagari baƙo a yi mata ɗan bayani a gefen shafi. Amma ita ma ta ci ni a wani wurin. Na kai mata kalmomin da za su cika shafi shida, gurbinmu kuwa shafi biyu ne da hoto. Tana yankewa ina jin kamar naman jikina ake yanka, sai da aka gama na yarda hirar ta fi daɗin karatu.

Tsara shafi kuwa lissafi ne zalla, abin da ban taɓa kawowa ba. Takarda ɗaya in aka ninka ta shafi huɗu take bayarwa, saboda haka mujallar da ake ɗinkewa a tsaka ba ta yin shafi 15 ko 18. Ko 16 ko 20. Kuma a wurin bugu shafi na 1 da na 16 ke zama gefe da gefe, na 2 da na 15, haka har tsakiya. Sunan mujalla sama ake kai shi, don mai sayar da jarida jera su yake wata kan wata, saman kawai ake gani. Hotunan da aka turo mana ta WhatsApp sun yi kyau a waya, a takarda suka farfashe, domin manhajar matse hoto take yi. Dole muka koma muka sake ɗauka, muka kwashe ta filash. Jan da muka zaɓa wa bango yana walƙiya a fuskar kwamfuta, da ya fito daga inji sai ya koma kamar jan ƙasa, saboda kwamfuta da haske take haɗa launi, inji kuwa da tawada kala huɗu. Hotunan intanet duk muka watsar, bayan Malam ya tuna mana dokar haƙƙin mallaka ta 2022: hoto yana da mai shi ko da ba ka ga sunansa ba.

Abin da ya kusa sa ni kuka shi ne haruffa masu ƙugiya. Samfurin rubutun da muka zaɓa ba ya cikin kwamfutar mai bugu, da ya buɗe aikin duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai wani ɗan akwati ya fito. Shi kuma don ya taimake mu, ya bi ya maye su da k da d da b bai gaya mana ba. Muna da shafi guda da 'yan matan rukuninmu suka sha wahalarsa a kan waƙoƙin gaɗa na dandali. Gwajin farko ya fito da babban kanu: "Wakokin Gada". Wani abokinmu ya tambaya ko gadar daji ake nufi ko ta kan gulbi. Daga ranar ban ƙara kai aiki madaba'a ba sai na mayar da rubutun zane, kuma sai na tsaya an buga kwafi ɗaya na karanta shi da biro a hannu.

Da aka gama, kafin mu miƙa wa Malam, na ɗauki kwafi guda na kai wa Baba. Ba ya karatun boko, ajami yake yi, sai jikansa ya zauna ya karanta masa hirar. Yana ji yana gyaɗa kai, wani wurin ya yi murmushi ya ce, "Hakanan nic ce." Sannan ya karɓi mujallar ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana duban hotonsa. Mai tsara mana shafi ya juya hoton a kwamfuta don fuskar ta kalli cikin mujalla, kamar yadda aka koya mana, kuma mu biyar da Malam duk mun duba ba wanda ya ga komai.

Ya ɗago ya ce, "Ɗiyana, yaushe nik koma bahago?"