Yadda na ruɗi kaina a makon gwajin na'urar ciwon baya

Shekara tara na yi ina fama da ciwon ƙugu. An yi mini tiyata, ciwon ya ɗan lafa, ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Ranar da likita ya kawo zancen na'urar da ke aika wa laka, wato jijiyar da ke cikin ƙashin baya, ɗan lantarki, ban bari ya kai aya ba na ce na yarda. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Dabarar ta daɗe. Tun 1967 wani likita a Amurka, Norman Shealy, ya fara dasa ta, bisa bayanin da wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka yi a 1965 cewa akwai wata ƙofa a laka da in aka rufe ta, saƙon zafi ba zai isa ƙwaƙwalwa sosai ba. Kafin a dasa ta dindindin sai an gwada. Ana zura siraran wayoyi ta allura su kwanta kusa da lakar, batirin yana waje an manna shi da filasta, ka yi kamar mako guda da shi. In zafin ya ragu da rabi, an ce gwaji ya yi kyau.

A nan na yi wauta. An ce kada in sunkuya, kada in murɗa jiki, kada in ɗauki kaya mai nauyi, kada ruwa ya taɓa wurin. Ni kuwa na mayar da gargaɗin kwanciya, kwana bakwai ina kan katifa ana kawo mini komai. Alhali ciwona da tsayuwa da tafiya yake tashi! To me na gwada ke nan? Takardar da aka ba ni in riƙa rubuta ƙarfin zafin safe da yamma, daga 0 zuwa 10, a kan bencin jira na cike ta ranar komawa, da biron aro. Ƙwayoyina ma ban rage ko ɗaya ba. Da likita ya tambaye ni, na ce sauƙi ya fi rabi, don ina tsoron a ce ban cancanta ba.

Aka dasa. Bayan wata huɗu ciwon ya dawo mazauninsa, waya ɗaya kuma ta goce, tsikarin lantarkin da ya kamata in ji a ƙugu ya koma haƙarƙari. Sai da aka sake buɗe ni.

Daga baya na karanta binciken da aka yi a Norwe, aka wallafa a 2022. Mutum 50 aka riƙa kunna wa na'urar ta gaske wata uku, ta bogi wata uku, ba su san wacce ke aiki ba, kuma ba a ga wani bambancin kirki ba. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitanci tana auna shi, ta yi a 2023, wadda ta haɗa bincike 13, ita ma ba ta sami hujjar amfani mai ɗorewa ga ciwon ƙugu ba.

Ban ce ku ƙi ba, akwai masu cewa ta taimake su. Amma ƙannena, in kuka kai ga gwajin, ku yi harkokinku na kullum iya abin da likita ya yarje, ku rubuta lambar nan a lokacinta, ku ƙirga ƙwayar da kuka sha. Ku tambayi likitan ko za a iya yi muku hoton MRI bayan dashen, da kuma wa zai cire ta in ta daina aiki. Ni waɗannan biyun sai da abin ya shiga jikina na tuna da su.