Taswira ce gaba, kamfas na biye

Abu na farko da na koya a wasan neman hanya a daji shi ne kamfas ba ya faɗa maka inda kake. Arewa kawai yake nunawa. Labarin wurin yana jikin taswira, don haka ita na fara koyon karantawa.

Taswirar wannan wasa yawanci ma'auninta 1:10,000 ne, wato santimita 1 a takarda mita 100 ce a ƙasa. Launukanta kan ruɗa sabon shiga. Fari ba fili ba ne, daji ne da ake iya gudu a cikinsa. Fili ruwan ɗorawa ne, kore kuwa sarƙaƙiya, gwargwadon duhunsa gwargwadon wuyar ratsawa. Shuɗi ruwa ne, baƙi duwatsu da hanyoyi. Layuka masu ruwan ƙasa su ke nuna tudu da kwari, galibi mita 5 a tsaye tsakanin layi da layi, idan suka matsu to gangarar mai tsanani ce. Su na fi amincewa da su, domin hanya kan shafe, ana kuma sare itatuwa, amma tudu yana nan.

Ga yadda nake ɗaukar alƙibla. In kwantar da gefen kamfas a kan taswira daga inda nake zuwa inda za ni, kibiyar jikinsa tana kallon can. In murɗa zoben da ke kan kamfas ɗin har layukan cikinsa su daidaita da layukan arewa na taswira, harafin N yana sama. Sai in riƙe shi a kwance gaban cikina, in juya duk jikina, ba hannu kaɗai ba, har jan bakin allura ya hau kibiyar zoben. Idan N ta kalli ƙasan taswira, ka juya wa inda ka nufa baya ke nan. Waya ko makullai kusa da allura kuma suna karkatar da ita.

Kuskuren digiri 5 kan kauce da kai kusan mita 90 a tafiyar kilomita 1, ga shi abin da ake nema, wanda da'ira ke nunawa a taswira, tuta ce ƙarama, fari da ruwan lemo. Shi ya sa ba na nufarta kai tsaye daga nesa. Nakan nemi wani abu babba kusa da ita, mahaɗar hanyoyi ko ƙaton dutse, daga nan in ɗauki gajeriyar alƙibla. Idan tutar tana bakin rafi, da gangan nake karkata dama kaɗan, don in na iso rafin na san hagu zan bi.

Nisa kuwa da taku nake aunawa. Auna mita 100, ka ƙirga saukar ƙafar dama kaɗai, ka riƙe adadin, amma a hawa da cikin ciyawa yakan ƙaru. Babban yatsana kullum yana kan inda nake a taswira, ina matsar da shi duk sa'ad da na wuce wata alama.