Tambayar da ta fi nauyi a bakina

Na shiga horon agajin gaggawa kan lafiyar ƙwaƙwalwa ne da zaton za a koya mana kalaman lallashi. Sai malamar ta raba mu biyu-biyu, ta ce kowa ya dubi abokinsa ya tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Wani dattijo ya ce ai wannan tuna wa mutum abin da bai yi niyya ba ne. Ta ce bincike bai nuna haka ba. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciya, sai dai ta ba wanda ya daɗe yana ƙunshe da shi damar furtawa. Mun yi ta maimaitawa har harshenmu ya saba.

Irin wannan horo na agajin gaggawa kan lafiyar ƙwaƙwalwa ya samo asali ne a Ostireliya a 2000, daga Betty Kitchener da Tony Jorm. Hujjarsu kuwa ita ce, kafin likita ya ga mutum, ɗan'uwa ko maƙwabci ne ke fara ganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 720,000 ke hallaka kansu duk shekara, kusan ɗaya cikin biyar ta hanyar shan maganin ƙwari. Shi ya sa aka nanata mana cewa idan wanda aka yi wa tambayar ya amsa da "eh", kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da guba da makami da tarin ƙwayoyi daga kusa da shi, a nemo ma'aikacin lafiya. Tsananin yanayin sau da yawa ba ya daɗewa. Abin nema shi ne mutumin ya tsallake shi da ransa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yin shiru. "Ka yi haƙuri, wasu sun fi ka shiga uku" na kan leɓen kowa, alhali mai ciwon damuwa abin da yake ji a ciki shi ne an rufe masa baki. Ni a ganina nasiha tana da lokacinta, amma sai bayan an saurara.

Wanda kuma yake jin muryoyin da babu su, ba a musu da shi, ba a kuma gaskata masa. Ka ce, "Ni ban ji ba, amma na ga abin ya firgita ka." A sassauta murya, a sallami 'yan kallo, a bar masa hanyar fita. Ɗaure shi ko taruwa a kansa ƙara masa tsoro yake yi.

An kuma hana mu yin alkawarin riƙe sirri idan rai na cikin haɗari. Nakan gaya wa mutum tun farko cewa zan nemo taimako, in tambaye shi wa yake so mu kira.