Abin da Gindin Dutse Ya Koya Mini

A shekarar ƙarshe ta karatunmu na kula da gandun daji aka tura mu aikin gani da ido, ni kuwa hankalina kacokan yana kan ƙololuwar dutsen da aka kai mu. A zatona can sama ne dajin da ƙafar mutum ba ta taka ba, don haka can namun dawa suka tattare. Aikina shi ne kafa kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu in wani abu ya gifta. Na haura da su har inda hanya ta ƙare, na ɗaure a jikin itatuwa. Bayan mako uku na koma na tarar da ɗaruruwan hotunan ciyawa da iska ke kaɗawa, sai hazo, sai wani gwaggon biri da ya leƙo sau ɗaya ya wuce.

Wanda ya warware mini matsalar wani dattijo ne, tsohon maharbi da ya ajiye bindiga ya shiga aikin sintiri. Ya duba hotunan a nutse, sannan ya ce, "Ɗana, in ƙishirwa ta kama ka da rani, hawa za ka yi ko gangarawa?" Na ce, "Gangarawa, Baba." Ya ce, "To su ma haka."

Washegari da asuba ya kai ni wani kwari a gindin dutsen, inda ƙoramu biyu suka haɗu. Ko tafiyar minti goma babu tsakanin wurin da gonar ƙarshe ta ƙauyen da ke kusa. Ya durƙusa a bakin ruwa ya nuna mini sawun mazo, gefensa bai ko zube ba, alamar cikin daren nan ya sha ruwa. Ga inda mugun dawa ya tone saiwa, ga wata gaɓa da dabbobi suka lashe har ta yi rami saboda gishirin da ke cikin ƙasar. Ya tsinci kibiyar beguwa ya miƙo mini. Cikin awa ɗaya na ga alamun da ban gani ba a mako uku a sama.

Duk wannan yana cikin littattafanmu, sai dai ban haɗa shi da ƙasa ba sai ranar. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Celsius, shi ya sa tsirrai ke canzawa hawa-hawa, kamar yadda masanin kimiyya Alexander von Humboldt ya zana bayan ya hau dutsen Chimborazo da ke Kudancin Amurka a 1802. Ruwan da ya sauka a sama ƙasa yake gangarowa, ɗauke da taki, ya jibge a gindi. Nan ciyawa ke daɗewa da ɗanyenta. A ƙasashen sanyi ma, in dusar ƙanƙara ta rufe sama, nan dabbobi ke saukowa su yi hunturu. Kuma wannan ƙasa mai albarka ita manomi ke so, ita makiyayi ke so, nan mai gawayi ke samun itace, nan ya fi sauƙin shimfiɗa titi.

Daga nan na fara kallon taswirar gandun daji da wani ido. Sau da yawa iyakar takan zagaye sama, inda duwatsu ne da sanyi, inda ba mai jayayya. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya mai tsayin mita 5,895 misali ne: da aka kafa gandunsa a 1973, saman dutsen aka keɓe, sai a 2005 aka shigar da dajin da ke kewaye da shi. Ƙasa da dajin kuwa gonaki ne. Giwa ba ta san da layin da aka ja a takarda ba, hanyar da uwarta ta bi da ita za ta bi ko da yanzu masara ce a kai.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Muna sintiri muka tarar da gada a cikin zarge, an yi shi da wayar birkin babur. Ta kwana biyu ko uku da mutuwa, wayar ta nutse a ƙafarta har ƙashi, ta share ƙasar da ke kewaye da ita wajen fafutukar kuɓuta. Wanda ya ɗana bai ma dawo ya duba ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a kama duk wanda aka gani da waya. Baba bai tanka ba. Da yamma ya bi da ni ta gonar wani mutum da namun dawa suka shiga cikin dare. Amfanin shekara guda a kwance, mutumin yana tsaye yana kallo, 'ya'yansa na tsintar abin da ya saura. Ya gaishe mu, amma da ya ga kakin Baba sai ya kawar da kai.

Har gobe ina ƙin zarge, domin ba ya zaɓe, abin da aka nufa da wanda ba a nufa ba duk kamawa yake. Amma tun ranar na daina yarda cewa sintiri kaɗai zai tsare daji. Ma'aikata kaɗan ne, maƙwabtan daji kuwa dubbai ne, kuma su ne ke nan dare da rana. In mutum asara kawai yake gani daga dabbar da ake ce masa ya ƙyale, ba zai faɗa maka wanda ya shiga da bindiga ba.

Akwai inda aka gane haka. A gindin tsaunukan Himalaya, Nepal ta kafa gandun Chitwan a 1973 bayan karkanda ta kusa ƙarewa a yankin. Daga baya aka yi dokar mayar wa al'ummomin da ke kewaye da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na kuɗin shigar gandu. Ƙidayar 2021 ta samu karkanda 752 a ƙasar, mafi yawansu a Chitwan. Matsala ba ta ƙare ba, har yanzu dabbobi na hallaka mutane a can, amma an samu abin da za a zauna a tattauna a kai. A Kenya an keɓe wa giwaye wata hanya mai kusan kilomita 14 tsakanin Dutsen Kenya da dajin Ngare Ndare, har da mashiga ta ƙarƙashin babban titi, kuma suna bi. A ƙasar ne kuma wata mai bincike, Lucy King, ta gwada shingen amya a gefen gonaki, domin giwa na tsoron kudan zuma. Wannan dabara ta fi burge ni, don manomi ya tsira da gonarsa, ga kuma zuma.

Na sauko da kyamarorina na kafa a kwarin nan. Kafin in ɗaure ko ɗaya, Baba ya sa muka je muka gaida masu gonakin, muka nuna musu yadda na'urar ke aiki, don kada su zaci leƙen asirinsu ake yi. Ɗaya daga cikinsu ne ma ya nuna mini mashigar da ta fi ba ni hotuna. Akwai guda biyu daga wurin da na ajiye har yau. A na farko, ƙarfe uku na dare, damisa ce ta sunkuyar da kai tana shan ruwa. A na biyu, wajen ƙarfe bakwai na safiyar ranar, wata yarinya ce da bokiti, tsaye a kan dutsen da damisar ta taka.