Alhamdulillahi, shafin ya dawo

Alhamdulillahi, shafinmu na intanet ya dawo aiki, ni ma na samu na runtsa. Satifiket ɗin tsaronsa ne, wato takardar shaidar shafin, ya lalace har shafin ya tsaya.

Abin da har yanzu ke sa gabana faɗuwa shi ne lokacin da na buɗe fayil ɗin PEM, inda ake ajiye satifiket ɗin. Layin BEGIN CERTIFICATE na nan a sama, na END CERTIFICATE na nan a ƙasa, tsakaninsu wayam. Inda ya kamata in ga jerin layukan Base64 (hanyar rubuta bayanan kwamfuta da haruffa), kowanne da haruffa 64, ko ɗigo babu. Ga shi wannan fankon ya riga ya hau kan tsohon satifiket mai kyau ya shafe shi. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ana haka sai ga kiran maigidana, wanda ya koya mini wannan sana'a. Na san ba ya son a ambace shi, amma yau sai dai ya yi haƙuri. Tsakar dare ne, ga shi bai da cikakkiyar lafiya. Bai tambayi laifin wa ba. Cewa kawai ya yi, "Kwantar da hankalinka, je ka duba inda aka kira getEncoded." Wato umarnin da ke fitar da bayanan satifiket a cikin manhajarmu. Ashe can matsalar take. Satifiket na X.509, irin wanda shafukan intanet ke amfani da shi, sai an mayar da shi tsarin DER, wato asalin bayanansa na kwamfuta, kafin a naɗe shi da Base64. Namu kuwa ba a sa masa hannu ba, don haka Java, yaren da aka rubuta manhajar da shi, ta jefo saƙon kuskure mai suna CertificateEncodingException. Tsohuwar manhajar da muka gada ta cafke kuskuren ta haɗiye, ta ci gaba kamar lafiya lau. Maigidan bai ajiye waya ba sai da muka gyara: yanzu in hakan ta faru manhajar tana tsayawa cak, ta rubuta dalili, kuma ba ta taɓa tsohon fayil sai an karanta sabon an tabbatar da shi.

Maigida, ranka ya daɗe, Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya jiƙan mahaifa, Ya raya zuri'a, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ƙanwarmu ta ofis da ta yini tana ba kwastomomi haƙuri, Allah Ya ba ki abin da kike nema. Uwargida, Allah Ya bar mu tare.

Akwai 'yan'uwa masana harkar da na tura wa saƙo, suka gani suka yi gum. Ba komai, wataƙila uzuri ne. Su ma Allah Ya saka.